Na Cire Windows Na Koma Linux: Yadda Nake Kallon Fim, Jin Waƙa Da Buga Gem Yanzu

Tun ranar da na faɗa cewa na cire Windows daga laftof ɗina na sa Linux, tambayoyi uku ne suke ta maimaita kansu: fim yana yi a kai? Waƙa fa? To gem fa, ko shi ke nan an yi bankwana da PES? Na ga gara in zauna in ba da amsa gaba ɗaya, abin da ya yi in faɗa, abin da ya ƙi shi ma in faɗa, don kada wani ya ji daɗin baki ya goge kwamfutarsa ya dawo yana zagina.

Abin da ya kore ni

Laftof ɗina 'yar gwanjo ce, a Beirut Road na saye ta a Kano. Core i5 ce zubi na shida, RAM 8GB. Ba ta da wani ciwo, tana yi min duk abin da nake so. Sai Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0 da firosesa mafi yawa daga zubi na takwas zuwa sama. Ka ga tawa ba ta cikin lissafi. Kuɗin sabuwa kuwa kowa ya san halin da ake ciki.

Amma gaskiya abin da ya tunzura ni wani ne daban. Na kai filas wani shagon 'yan dawunlodin aka tura min fim, na dawo gida na soka, daga nan na jona had disk ɗina na waje. Washegari duk foldojina sun koma shortcut. Tarin shekara tara ne a ciki: finafinai, waƙoƙi, bidiyon bikin yayata, hotunan marigayi Babanmu. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, sai da wani abokina mai gyaran kwamfuta ya nuna min cewa bairos ɗin ɓoye su ya yi, bai goge ba. Shi ne ya ce min, "Malam, in dai kallo da jin waƙa ne aikinka, me kake jira da Linux?"

Wai mene ne Linux ɗin?

Babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar dai Windows. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991. Ana ce mata buɗaɗɗiya saboda rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba. Kyauta ce ta halak, babu kirak, babu saƙon nan na kusurwar allo mai cewa ka biya lasisi. Kuma kai ma kana amfani da danginta ba ka sani ba, domin Android ɗin wayarka a kan zuciyar Linux aka gina shi.

Linux iri-iri ce. Na fara da Ubuntu, wanda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004. Bayan wata guda na koma Linux Mint, wanda a kan Ubuntu ɗin aka gina shi, saboda fuskarsa ta fi kama da Windows: maɓallin menu a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Ba ni kaɗai nake taɓa laftof ɗin ba, ƙannena ma suna taɓawa, kuma ba na son kullum a riƙa kira na ana tambayar ina kaza yake.

Daren da na sha kunya

Ranar da na gama sa Ubuntu, abokai uku suka zo ɗakina kallo. Na gama cika baki cewa na bar duniyar bairos. Na danna fim, sai allo ya yi baƙi, wani saƙo ya fito wai ana buƙatar H.264. Na danna wani, haka. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "To injiniya, ko mu koma waya?" Aka kwashe da dariya. A wayar muka ƙarasa kallon, mu huɗu a kan ɗan allo.

Laifina ne. Lokacin girkawa akwai wani ɗan akwati da ake tambayar ko kana son a haɗa maka da kayan kunna sauti da bidiyo, ni kuma saboda tsoron data na tsallake shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga yadda abin yake. Idan ka ga fayil ya ƙare da MP4 ko MKV, wannan ambulan ne kawai. Wasiƙar da ke ciki, wato hoton da sautin, an matse ta ne da wata dabara don ta yi ƙanƙanta, kuma dole kwamfuta ta san dabarar kafin ta warware. Wannan dabarar ita ake kira kodek. Na hoto akwai H.264 da H.265, na sauti akwai AAC da MP3. Wasu kodek ɗin suna da masu haƙƙin mallaka da ke karɓar kuɗin lasisi a wasu ƙasashe, shi ya sa masu Linux da yawa ba sa cusa su kai tsaye, sai su bar maka ka ɗauko da hannunka. MP3 dai ya fita daga wannan ƙangin tun 2017 da wa'adin mallakarsa ya ƙare.

Maganin bai kai minti goma ba. A Ubuntu ka buɗe Terminal ka rubuta:

sudo apt install ubuntu-restricted-extras

A Linux Mint ko rubutu ba sai ka yi ba. Ka shiga menu, ka je Sound & Video, za ka ga Install Multimedia Codecs in ba ka riga ka sa ba. Danna, sa kalmar sirrinka, shi ke nan.

VLC, tsohon abokinmu

Mai hular lemu ɗin nan da muka saba da shi a Windows yana nan a Linux, kuma nan ne ma gidansu, don shi kansa buɗaɗɗiyar manhaja ce. Ɗalibai ne suka fara shi a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, aka sake shi ga kowa a 2001. Yana tafe da kodek ɗinsa, saboda haka da wuya ka ba shi fayil ya ce bai gane ba.

Akwai maɓallai kaɗan da na so a ce na sani tun da. Masu kallon Indiya-Hausa sun san matsalar nan ta baki ya riga murya, ko murya ta riga baki, har ka ga jarumi ya rufe baki ana ci gaba da magana. Danna J ko K, kowace dannawa tana matsar da sautin gaba ko baya kaɗan har su daidaita. In rubutun fassara na ƙasan allo ne ya yi gaba ko ya makara, G da H ne maganinsa. In fim yana da murya biyu, misali Indiyanci da Turanci, B yana sauya su. V kuma yana sauya rubutun fassarar. In ka sauko da fayil ɗin fassara mai ƙarewa da SRT, ka ba shi suna iri ɗaya da fim ɗin ka ajiye su a folda ɗaya, VLC zai ɗauka da kansa.

Masu jona laftof da talabijin ta HDMI: in hoto ya fita amma sauti ya tsaya a laftof, kada ka zargi wayar. Shiga Sound a saituna ka zaɓi HDMI a matsayin mafitar sauti. Haka ma sifikar bulutut, wani lokaci tana haɗuwa amma sai ka zaɓe ta da hannu.

Tsofaffin faya-fayan Umma

A nan ne na fi shan wahala, a nan ne kuma na fi jin daɗi. Umma tana da wata jaka cike da faya-fayan finafinan Hausa na da, tun zamanin da ake zuwa kasuwa a sayo na ɗaya da na biyu. Da yawansu ba za ka same su ko'ina a intanet ba yanzu, kuma duk shekara sai an samu wanda ya karce ya daina yi. Na sayi ƙaramin abin karanta faifai mai jonawa ta USB na ce bari in kwafe su kafin su mutu.

DVD ba su ba ni matsala ba. Duk na gida da ke jakar ba su da kulle, HandBrake ya mayar min da su MP4 ɗaya bayan ɗaya. DVD na finafinan waje na asali su ne ke zuwa da wani kulle mai suna CSS, sai ka sa libdvd-pkg sannan ka rubuta sudo dpkg-reconfigure libdvd-pkg kafin su buɗe.

VCD ne suka so su haukata ni. In ka buɗe faifan za ka ga folda MPEGAV, a ciki akwai fayil kamar AVSEQ01.DAT. A Windows jan sa kawai muke yi mu ajiye. A Linux in ka ja sai ya fara ya tsaya, ya ce an samu kuskure. Na ɗauka faifan ne ya lalace, har na ware guda shida zan zubar. Ashe VCD ba a rubuta shi yadda ake rubuta faifan fayiloli ba, kuma mai buɗe folda na Linux ba ya karanta shi ta wannan hanyar. Abin yi shi ne ka buɗe VLC, ka shiga Media, ka zaɓi Open Disc, ka danna SVCD/VCD. In kwafa kake so, ka sa vcdimager, a cikinsa akwai vcdxrip da zai fito maka da bidiyon a matsayin MPG. Guda biyar cikin shidan nan lafiyarsu ƙalau.

Magana ɗaya a nan: na kwafa ne don ajiyar gida, daga faya-fayan da aka saya da kuɗi. Duk mun san satar fasaha na cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifai a Kannywood. Kada mu ce muna son masana'anta kuma mu riƙa raba guminsu a banza.

Kallo a intanet

YouTube ba ruwansa da wace babbar manhaja kake amfani da ita. Labarina, Izzar So, Kwana Casa'in, duk ina bin su a Firefox kamar da. Chrome ma akwai shi na Linux in shi ka fi so.

Abu ɗaya na lura da shi: da na kunna bidiyo sai fanka ta fara ihu, batir ya riƙa zuba. Dalili shi ne YouTube ya fi son aiko da bidiyo da kodek VP9 ko AV1, su kuma tsofaffin kwamfutoci irin tawa ba su da sashen da ke warware waɗannan cikin sauƙi, sai aikin ya faɗa kan firosesa. H.264 kuwa suna da sashensa. Na sa wani ɗan ƙari a burawza mai suna enhanced-h264ify wanda ke tilasta wa YouTube ya aiko da H.264. Ba zai wuce 1080p ba, amma zafin ya ragu sosai. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ƙarin minti talatin na batir ba ƙaramin abu ba ne.

Netflix da ire-irensa suna da kullen hana kwafa, ana buɗe shi da wani abu mai suna Widevine. A Firefox ka shiga Settings ka kunna Play DRM-controlled content. Yana yi, sai dai a yawancin burawzar Linux hoton ba ya wuce 720p. A allon inci 14 ban ga wani bambanci ba, datata ma ta huta. Mai babban talabijin zai lura.

Ɓangaren waƙa

Linux Mint yana zuwa da Rhythmbox. Ka nuna masa foldar waƙoƙinka, zai jera su bisa mawaƙi da kundi. Ranar farko da na yi haka dariya ta kama ni, domin rabin waƙoƙina sunan mawaƙin ya fito da sunan shafin da aka sauko da su, sauran kuma Unknown. Hamisu Breaker ya rabu gida biyar, Nura M Inuwa gida bakwai. Da EasyTAG na zauna na gyara, kana iya zaɓar waƙa hamsin ka ba su sunan mawaƙi a lokaci guda. Wani abin daɗi, Linux yana da allon rubutu na Hausa a cikin saitunan Keyboard, mai ƙ da ɗ da ɓ, ba sai ka sauko da komai ba. Yanzu sunayen waƙoƙina da ƙugiyarsu suke.

Audiomack da Boomplay ta burawza nake jin su. Spotify yana da manhajarsa ta Linux. Tura waƙa daga waya kuwa, ko dai ka jona waya da kebul ka zaɓi tura fayil, ko ka sa LocalSend a waya da kwamfuta. In suna kan wayfai ɗaya, ko da hotspot ɗin wayarka ne, za su ga juna su tura ba tare da cin data ba.

Sai kasusuwan Baba. Ya bar kwali guda na kaset, Shata da Ɗan Maraya Jos sun fi yawa. Na samo tsohuwar rakoda, na haɗa ramin iyafis ɗinta da wani ɗan katin sauti na USB, na ɗauka da Audacity. Akwai Noise Reduction a ciki: ka zaɓi wurin da babu komai sai shuuu ɗin kaset, ka nuna masa, sai ya rage shi a duk faɗin ɗaukar. Kada ka matsa da yawa, in ba haka ba kalangu zai koma kamar ana kaɗa shi a cikin randa. Ina ajiye kwafi ɗaya a FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti, ɗaya kuma a MP3 don waya.

A cikin kwalin na ci karo da kaset ɗin da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Muryar Baba ce, saƙon da ya aiko gida lokacin yana fatauci a Legas, yana gaida kowa da suna, yana cewa a kula da karatun yara. Na kai wa Umma a waya. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Sake sa min daga farko. Allah ya yi maka albarka." Da kaset ɗin ya ƙara shekara biyu a kwalin nan, wa ya san ko zai yi.

Masu haɗa kiɗa da masu tace bidiyo, ku tsaya tukuna

Na san akwai masu situdiyo da masu yanka bidiyo a cikinmu. FL Studio ba shi da na Linux. Wasu suna tayar da shi ta Wine, amma ƙananan manhajojin sauti da ake jona masa ba duka suke yarda ba. Adobe Premiere babu, manhajar CapCut ta kwamfuta ma babu. Akwai madadinsu: Reaper da Ardour da LMMS a kiɗa, Kdenlive da Shotcut a bidiyo, OBS Studio a ɗaukar allo da watsa shiri kai tsaye. DaVinci Resolve yana da na Linux, sai dai na kyautar ba ya karɓar H.264 da sautin AAC, wato irin bidiyon da wayoyinmu ke ɗauka, sai ka fara juya su. Ni Kdenlive ya ishe ni yanka gajerun bidiyo. Amma in da FL Studio kake cin abinci, mawaƙi yana zaune yana jira, kada ka goge Windows saboda rubutuna.

To gem fa?

Ranar da na sauya, ƙanina ya dawo daga makaranta ya buɗe laftof, ya leƙo ya ce, "Yaya, ina PES ɗina?" Duk daren Juma'a shi da abokansa suna da gasa a ɗakina, har da littafin rubuta maki. Na ce ya ba ni sati ɗaya. Ya fita bai ce komai ba, amma na ga fuskar.

Yawancin gem na kwamfuta don Windows aka yi su, yaren Windows suke ji. Tun 1993 ake gina wata manhaja mai suna Wine da ke aikin tafinta: gem ya yi magana da yaren Windows, ita kuma ta fassara wa Linux nan take. Kamfanin Valve mai Steam ya kawo Steam kan Linux a 2013, sannan a 2018 ya fito da Proton, wato Wine da aka ƙara wa ƙarfi musamman don gem. A cikinsa akwai DXVK, mai juya umarnin zane na DirectX zuwa Vulkan wanda Linux ke ji. Da suka fitar da na'urar gem ta hannu Steam Deck a 2022, wadda Linux ce a cikinta, sai ya zama dole su tabbatar dubban gem suna tashi. Mu masu tsofaffin laftof muka ci albarkacin wannan.

Yadda na yi: na sa Steam, na shiga asusuna, na sauko da PES 2021 da na saya tun shekarun baya. In gem ya ƙi tashi, ka danna shi da maɓallin dama, ka shiga Properties, sai Compatibility, ka zaɓi wani zubin Proton. Nawa ya tashi, sai dai mun rage hoto zuwa 720p muka sa komai a Low, kamar yadda muke yi tun a Windows. Linux ba ya mayar da jaki doki. Gem ɗin da ya fi ƙarfin na'urarka da, yanzu ma ya fi ƙarfinta.

Kafin ka sauko da kowane gem, ka duba sunansa a ProtonDB. Masu wasa ne suke rubuta yadda ya yi musu, ana ba shi daraja: Platinum yana tashi ba gyara, Gold sai an ɗan taɓa, Silver da Bronze da 'yan matsaloli, Borked kuwa kada ka ɓata datarka.

Abubuwa uku da za su iya ba ka ciwon kai. Na farko direban katin hoto: na Intel da AMD suna zuwa a cikin Linux, mai Nvidia kuwa sai ya buɗe Driver Manager ya sa wanda aka ba shi shawara. Na biyu, laftof da ta tsufa sosai, irin Intel zubi na uku ko na huɗu, Vulkan ɗinta bai cika ba. A nan sai ka rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command% a Launch Options na gem ɗin, ya bi ta tsohuwar hanya. Na uku, kada ka ajiye gem ɗin Steam a ɓangaren had disk mai tsarin NTFS na Windows, yana jawo gem ya ƙi tashi ba tare da wani bayani ba. Ka ajiye a ɓangaren Linux mai ext4.

Gem da ba na Steam ba kuma akwai Heroic, wanda ke buɗe asusunka na Epic da GOG, ga shi Epic suna raba gem kyauta duk mako. Tsofaffi irin GTA San Andreas da Need for Speed Most Wanted na 2005, Lutris yana tayar da su. PPSSPP da muke buga wasannin PSP da shi a waya yana da na Linux, kuma ya fi daɗi a babban allo. PCSX2 na wasannin PS2 ma akwai, sai dai yana neman BIOS daga na'urar PS2 ɗinka, kuma a laftof irin tawa masu nauyi suna ja. Hannun gem kuwa, na PS4 da na Xbox da 'yan arahan nan na USB da muke da su, ina sokawa suka kama, ban sa direba ko ɗaya ba.

Daren Juma'ar da ta biyo baya aka yi gasa. An cire ƙanina a zagaye na biyu, ya ce hannun ne. Ba hannun ba ne.

Waɗanda ba sa yi, komai dabararka

Nan ne gaskiya mai ɗaci. Manyan wasannin onlayin da yawa suna da manhajar kama masu maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows ta zauna, wurin da tafinta ba ya kaiwa. Valorant ba ya yi. Fortnite ba ya yi. PUBG na kwamfuta da sababbin Call of Duty ba sa yi. EA Sports FC, wato FIFA ta yanzu, ba ta yi. GTA V kana iya buga labarinsa kai kaɗai, amma ɓangaren onlayin ya rufe wa Linux tun Satumba 2024 da aka sa masa BattlEye. Apex Legends ma ya rufe ƙofa a ƙarshen 2024. Wasu daga cikin manhajojin kama maguɗin, irin Easy Anti-Cheat da BattlEye, suna iya aiki da Proton, amma sai mai gem ɗin ya ga dama ya kunna. Akwai shafin Are We Anti-Cheat Yet da ke jera wanda ke yi da wanda ba ya yi. Counter-Strike 2 da Dota 2 dai suna da na Linux na asali, kuma kyauta ne.

Masu buga Free Fire da PUBG Mobile a kwamfuta ta BlueStacks ko GameLoop, su ma babu na Linux. Akwai Waydroid, amma wahalarsa ta fi daɗinsa ga sabon shiga. Ka bar su a waya. Ƙanina in FC yake so, gidan gem yake tafiya, dama can laftof ɗin ba ta iya ɗaukarta.

Kafin ka tsallaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da zan gaya wa duk wanda ya zo min da niyyar sauyawa:

1. Kwafe komai naka zuwa wani had disk, ka cire shi daga jikin kwamfutar kafin ka fara. Kuskuren danna abu ɗaya wajen girkawa yana share komai.

2. Gwada kafin ka sa. Sauko da Linux Mint, kusan 3GB ne, ka ɗora a filas mai 8GB da Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfuta daga filas ɗin. Zai yi aiki ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ba. Gwada wayfai, sauti, bulutut da HDMI. Gani ya kori ji.

3. Ka cika batir, kuma kada ka fara girkawa in ba ka da tabbacin wuta.

4. Ka danna akwatin kodek ɗin nan. Ka tuna da ni da abokaina uku a kan waya.

5. In akwai gem ko manhajar da ba za ka iya rabuwa da ita ba, ka bar Windows a gefe ka sa Linux kusa da shi, duk lokacin kunnawa ka zaɓi wanda kake so. Ka kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba Linux zai buɗe ɓangaren fayilolinka amma ya hana ka ajiye komai a ciki.

6. Lura da data. Manhajar da aka rubuta wa Flatpak a Software Manager takan jawo ƙarin kaya masu nauyi a karon farko, in akwai System Package ka fara duba shi. A Steam kuma Proton kansa ɗaruruwan megabait ne, sannan akwai Shader Pre-Caching da ke saukar da abubuwa a bayan fage, kana iya kashe shi a saitunan Downloads. Abin daɗin shi ne Mint ba ya sabunta kansa da ƙarfin tsiya, sai ka ce ya yi. Ni da datar dare nake yi.

7. Kunna Timeshift. Yana ɗaukar hoton tsarin kwamfutarka, in ka ɓata wani abu ka koma jiya.

8. Bairos ɗin shortcut ba ya tashi a Linux, har ma za ka gan shi zaune a filas ka goge shi da hannu. Amma in ka bar shi a ciki ka miƙa wa mai Windows, ka kai masa. Kuma kada ka riƙa tayar da kowane EXE da ka tsinta ta Wine, tafinta ba ya tambayar ko baƙon mutumin kirki ne.

To wa ya kamata ya sauya? In kai mai kallo ne da jin waƙa, mai buga PES na da da wasannin PSP, kuma kwamfutarka ta tsufa Windows 11 ya ƙi ta, ina ganin za ka ji daɗi, bayan sati ɗaya ko biyu na 'yan tuntuɓe. In rayuwarka FC ce da Call of Duty onlayin, ko FL Studio ne sana'arka, ka riƙe Windows ko ka haɗa biyun.

Ni dai yanzu saura faifai goma sha ɗaya a jakar Umma da rabin kwalin Baba ban kwafe ba, kuma kusan kullum sai ta tambaye ni ina aka kwana. Wanda ya gwada ya maƙale a wani wuri, ya turo min irin kwamfutarsa da abin da ta rubuta masa, in na sani zan faɗa.